Ziyarar Kalamazu, Garin Masassaƙan Jita

Duk wanda ya tashi daga Nijeriya zuwa ƙasar Amurka, in aka tambaye shi inda ya dosa, amsar ba ta wuce Niyok, ko Washinton, ko Shikago. Da wuya a ji wanda ya ambaci Kalamazu. Gari ne matsakaici a kudu maso yammacin Jihar Mishigan, wanda ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mutanensa ba su cika 74,000 ba, watau ko kusa bai kama ƙafar Gusau ko Funtuwa ba. Amma duk da haka, in dai mai karatu ya taɓa jin kiɗan jita mai aiki da lantarki, ko a rediyo, ko a faifai, ko a dandalin biki, to da wuya a ce bai ci moriyar wata dabara da aka ƙago a wannan ɗan gari ba, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba.

Garin yana tsakanin Shikago da Detroit, kusan rabi da rabi, tafiyar mil 140 ko abin da ya yi kusa da haka ta kowane gefe. Ni ta Shikago na bi, a jirgin ƙasan fasinja da suke kira Wolverine, wanda kan cinye tafiyar cikin awa biyu da 'yan kai. Da farko jirgi yakan ratsa ta gefen manyan maƙerun ƙarfe na Gary, wuri baƙi ƙirin ba kyan gani, sa'an nan ya faɗa cikin gonakin masara da 'yan dazuzzuka. Lokacin kaka ne, ganyen itacen da suke kira mepul ya rine, wani ja wur, wani ruwan ɗorawa, kai ka ce an cinna wa daji wuta. Mai karatu ya riƙe sunan wannan itace, domin za mu sake gamuwa da shi a gaba. Kafin a iso kuma sai matafiyi ya tura agogonsa gaba da awa guda, don lokacin Mishigan ya riga na Shikago. Tashar da ake sauka tsohuwa ce, ginin jan bulo da dutse na shekarar 1887.

A zamanin da, Kalamazu ta yi suna wajen noman ganyen seleri a fadamunta, da masana'antun takarda a bakin koginta, da kamfanin magunguna na Upjohn. Har motocin hayan nan na Checker da ake gani a tsofaffin finafinan Niyok, a nan aka riƙa ƙera su har zuwa 1982. Yawancin waɗannan sun zama labari. Abin da ya kawo ni kuwa yana arewacin gari, ƙetaren layin dogo, a lamba 225 Titin Parsons, wani ginin kankare mai hawa uku da manya-manyan tagogi, waɗanda aka yi su haka don masassaƙa su yi aiki da hasken rana.

Asalin abin daga wani mutum ne mai suna Orville Gibson, haifaffen Jihar Niyok, wanda ya zo Kalamazu yana aikin kanti, in ya tashi aiki kuma ya shiga ɗakinsa yana sassaƙa kayan kiɗa. Dabararsa ita ce ya fafe katako ya fid da masa doro, kamar yadda Turawa ke yi wa gogensu. A 1902 wasu 'yan kasuwa 5 suka haɗa jari suka kafa kamfani da sunansa. Shi kansa bai zama mai kamfanin ba, kuma ya rasu a 1918, shekara guda bayan an buɗe ginin Titin Parsons. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Lokacin da kamfanin ya fi haskakawa shi ne zamanin shugabancin Ted McCarty, daga 1950 zuwa 1966, sa'ad da ma'aikata suka tashi daga wajen 150 suka kai wajen 1,200. Daga baya masu kamfanin suka gina sabuwar masana'anta a Nashville, can kudu a Jihar Tennessee, suka yi ta kwashe aiki kaɗan-kaɗan, har aka rufe ta Kalamazu a 1984. Wasu daga cikin tsofaffin ma'aikata, irin su Jim Deurloo da Marv Lamb da J. P. Moats, suka ce su kam ba inda za su, ga iyali ga gidaje. Suka sayi wasu tsofaffin injunan, suka kafa kamfanin Heritage a cikin ginin a 1985, suka ci gaba da abin da hannunsu ya saba.

To, kafin mu shiga shago, ya kamata mai karatu ya san inda jitar lantarki ta bambanta da garaya ko molo ko gurmi. Kayan kiɗanmu duka suna da ƙoƙo wanda aka rufe da fata. In an kaɗa tsirkiya, jaki ya kai motsin ga fata, ƙoƙo kuma ya ƙara masa amo. Jitar lantarki kuwa yawanci gangar jikinta dunƙulen katako ne, ba rami, in ka kaɗa ta ba a haɗa da lasifika ba da kyar na kusa da kai zai ji. Dalili kuwa shi ne, jita mai rami in aka ƙure mata murya sai sautin lasifika ya komo ya girgiza ta, ta kama wani kuka mai tsinka kunne. Wajen shekarar 1940 makaɗin nan Les Paul ya ɗauki guntun katako mai faɗin inci 4 da kaurin inci 4, ya ɗaura masa wuyan jita da tsirkiyoyi, ya kawo wa mutanen Gibson, suka yi masa dariya. Sai da Leo Fender, mai gyaran rediyo a Fullerton ta Jihar Kalifoniya, wanda ko kiɗan jita bai iya ba, ya fito da tasa dunƙulalliyar a 1950 ta kuwa karɓu, sa'an nan Kalamazu ta farka, ta fito da jita mai sunan Les Paul a 1952.

Wanda ya zaga da ni cikin wannan sha'ani wani dattijo ne da ya yi aiki a tsohuwar masana'antar tun yana saurayi, yanzu kuma yana da ɗan shago bayan gidansa a wajen gari, inda yake ƙera 'yan ƙalilan a shekara, kowace da mai ita. Irin wannan aiki kamar ɗinkin babbar riga ne, sai an auna mutum. Na ɗauka tambayar da yakan fara yi wa mai saye ita ce wane itace yake so. Ashe ba haka ba ne. Yakan tambayi awa nawa mutum kan yi a tsaye yana kiɗa, da irin kiɗan da yake yi, sa'an nan ya ce a miƙo hannu ya ga tsawon yatsu. Tambayar tsayuwa saboda nauyi ce, gama jita irin ta Les Paul takan kai laba 9 ko 10, wanda kuwa zai rataya ta tun daga bayan isha'i har asuba, kafaɗarsa ce za ta ba da labari. Tambayar yatsu kuma saboda tsawon tsirkiya ce. A ƙirar Gibson tsakanin matashin tsirkiya da jaki inci 24 ne da kashi uku cikin huɗu, a ta Fender kuwa inci 25 da rabi. Bambancin bai kai inci guda ba, amma doguwar ta fi tauri a yatsa da kaifin murya, gajerar ta fi laushi da sauƙin tanƙwarawa.

Ɗakin ajiyar katako shi ne inda muka fi daɗewa. Al'adar Kalamazu ita ce a yi gangar jiki da wuya da mahogani na Amurka ta Tsakiya, a manna wuya da gam, sa'an nan a rufa wa fuskar falle mai kauri na mepul a fafe masa doro. Mepul itace ne mai tauri da nauyi, fari, yana da yawa a dazuzzukan Mishigan, kuma daga ruwansa ne suke dafa wani irin maɗi da suke zubawa a kan waina. Wani lokaci akan dace da wanda ke da zane kamar harshen wuta, in an shafa masa mai sai ka ga yana walƙiya in ka juya shi, kuɗinsa kuma ya ninka. Al'adar Fender dabam ce. Su itacen ash suka fara da shi, daga 1956 suka koma ga alda a mafi yawan aikinsu, wuya kuma na mepul ne da ake ɗaurawa da sukuru huɗu, in ya lalace a kwance a sa wani. Ash ɗin da masu wannan sana'a ke so shi ne wanda ya tsiro a fadamun kogin Misisifi, don rashin nauyinsa. Amma yanzu ya yi wuya. Wani ƙwaro kore mai sheƙi, wanda ya shigo daga Asiya aka fara gano shi kusa da Detroit a 2002, ya kashe miliyoyin itatuwan ash, ga kuma ambaliya da ke hana masu sara shiga fadama, har a 2020 kamfanin Fender ya ba da sanarwar janye shi daga yawancin jitocinsa.

Ina cikin duba tarin katako sai dattijon ya jawo wani falle mai ruwan zuma ya ce wannan daga wajenmu yake, sunansa korina. Na shafa, na sunsuna, na ce, Baba, ai wannan afara ne. Duk kafintan da ya taɓa shiga kasuwar 'yan katako a Kano ko Kaduna ko Ikko ya san afara, da shi ake ƙofofi da kujeru da akwatuna, ba wanda ke ɗaga masa hula. Turawa suna kiransa limba, 'yan kasuwar Amurka kuma suka laƙaba masa korina don ya yi daɗin faɗa. Da shi Gibson ya ƙera wasu jitoci biyu masu baƙuwar siffa a 1958, Flying V mai kama da kibiya, da Explorer. A lokacin ba su sami kasuwa ba, Flying V ɗin da aka fitar a 1958 da 1959 ba su cika 100 ba. A yau kuwa guda ɗaya daga cikinsu takan tashi a kan dubban ɗaruruwan daloli. Da irinta Albert King, bahagon makaɗin nan, ya yi suna, yana riƙe ta a juye.

Afara kuwa ba shi kaɗai ba ne ɗan gida a ɗakin. Da mahoganin Amurka ya yi ƙaranci, har aka sa shi cikin jerin itatuwan da ake ƙayyade cinikinsu a 2003, sai masu sana'a suka juya ga mahoganin Afirka, wanda ba kome ba ne illa ɗan'uwan maɗacin nan da ke bakin hanyoyinmu, wanda muke jiƙa ɓawonsa don ciwon ciki. Na kurmi ya fi na Arewa tsawo da miƙewa, a littattafan 'yan katako na da ma har ana kiransa mahoganin Ikko. Ga kuma itacen safele, mai zane-zane a tsaye kamar saƙar tsamiya, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na Jihar Delta, inda kamfanin African Timber and Plywood ya yi shekara da shekaru yana yanka gumagumai ana lodawa a jiragen ruwa. Duk wani mai ƙera jita, daga Amurka har Japan, ya san kalmar nan, amma kaɗan ne suka san sunan gari ne a bakin kogi a Nijeriya. Sai kuma eboni, baƙin itacen da ake shimfiɗawa a kan wuya inda yatsu ke takawa, wanda dangin kanya ne, mafi yawansa kuma daga kurmin Kamaru yake fitowa.

A nan ne zancen ya daina zama na kiɗa kawai. Itacen eboni yakan yi shekaru masu yawan gaske kafin ya isa sara. A 2011 kamfanin jita na Taylor da abokin cinikinsa Madinter na ƙasar Sifen suka sayi wata masana'antar yanka eboni mai suna Crelicam a Yawunde. Bob Taylor, mai kamfanin a lokacin, ya ba da labarin abin da ya tarar: masu sara kan kā da itace wajen goma kafin su sami guda mai baƙi tsantsa, sauran masu ratsin fari kuwa a bar su su ruɓe a daji, don Turawa ba su sayensu da daraja. Daga nan ya ce zai riƙa biyan kuɗi ɗaya, ya kuma fara sa mai ratsin a jitocinsa masu tsada, aka kuma soma dashen sababbi a 2016. Doka ma ta tsananta. Yarjejeniyar duniya ta CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta hana cinikin roswud na Barazil tun 1992. A 2009 da 2011 jami'an gwamnatin Amurka suka kai samame masana'antun Gibson a Tennessee, a 2012 kuma kamfanin ya yarda ya biya tarar dala 300,000 a kan eboni na Madagaska. Mu ma abin ya iso mu. Maɗobiyar da aka yi ta sara a Taraba ana tura wa ƙasar Sin don yin kujeru ta shiga jerin a 2017, har aka dakatar da Nijeriya daga fitar da ita a 2018, dangin maɗaci na Afirka kuma suka shiga a taron Panama na 2022. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, gangar jikin jita guda ba ta cin katakon da ya kai na ƙofar ɗaki. Mu mun sayar da gungume a kan kuɗin gungume, wasu kuma suka yanka shi gunduwa-gunduwa suka sayar da gwaninta.

Shin wai itace yana canza muryar jitar lantarki? Wannan gardama ce da ba ta ƙarewa tsakanin masu sana'ar. Tsofaffi sun rantse cewa mahogani yana ba da murya mai kauri, mepul mai kaifi, ash mai garau. Masu ilmin kimiyya kuma suna cewa tun da maganaɗisu ba ya jin itace, tasirin kaɗan ne ƙwarai, suna kafa hujja da jitocin Danelectro da aka yi da katakon garin itace mai araha, amma manyan makaɗa irin su Jimmy Page suka yi faifai da su, da kuma wadda kamfanin Ampeg ya fitar a 1969 wadda gangar jikinta roba ce mai kama da gilashi. Ni a ganina na biyun sun fi kusa da gaskiya, ko da yake na farkon ba ƙarya suke yi ba ɗungum, don wuya mai tauri ya fi barin tsirkiya ta daɗe tana amo. Amma wanda zai ba da kuɗinsa ya zaɓi itace saboda nauyi, da kyan gani, da kuma bushewa. Bushewar nan ita ce babba. Akan busar da katako har danshin cikinsa ya sauko zuwa kashi 6 ko 8 cikin 100, dattijon kuma ba ya taɓa falle sai ya shekara a ɗakinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma na jita in ɗanye ne shi zai tanƙware da kansa.

Wannan kuwa ya shafe mu fiye da kowa. Jitar da ta saba da danshin Ikko ko Fatakwal, in aka kai ta Sakkwato cikin hunturu, sai allon yatsu ya tsuke, ƙarafunan matakai su leƙo ta gefe suna yankan hannu, wuya kuma ya canza tsayuwa. Maganin wuyan shi ne wata sandar ƙarfe da ake binnewa a cikinsa tun daga kai har gindi, mai noti a baki, in an ɗaure ta ja wuya baya, in an sassauta ta bar shi ya rusuna. Wani ma'aikacin Gibson mai suna Thaddeus McHugh ne ya ƙago ta a nan Kalamazu, aka ba shi takardar mallakar dabara a 1923. Kusan duk jita mai tsirkiyar ƙarfe a duniya yau tana ɗauke da irinta a ciki.

Daga ɗakin katako muka koma teburin maɗaukan amo, watau 'yan na'urorin nan da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi, waɗanda su ne kunnen jita. Asirinsu bai da yawa. Maganaɗisu ne aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashin kai, naɗi dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a samansa sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, wannan kuma ya haifar da 'yar wutar lantarki a cikin wayar, wadda ake kai wa na'urar ƙara sauti. Saboda haka tsirkiyar jijiya ko ta izga ko ta roba ba ta aiki a nan, sai ta ƙarfe. Maɗaukin Fender yana da naɗi wajen 8,000, na Gibson da ake kira P-90, wanda ya fito a 1946, wajen 10,000. In an ƙara naɗi murya ta ƙara ƙarfi da kauri amma kaifinta ya ragu, in an rage kuma akasin haka. Maganaɗisun da aka fi so shi ne alniko, gamin alminiyam da nikel da kobal da ƙarfe, ko da yake akwai na tangaran mai araha da ƙarfin ja. Wurin da aka ajiye maɗauki ma magana ce. Na kusa da wuya, inda tsirkiya ta fi lilo, muryarsa mai taushi ce kamar ta molo, na kusa da jaki kuwa tsiwa gare shi kamar kuntigi.

Aibin maɗauki mai naɗi ɗaya shi ne ba ya tsayawa ga tsirkiya kaɗai. Duk wata wayar lantarki da ke cikin ɗaki sai ya tsinto ƙuginta ya kai wa lasifika. Wani ma'aikacin Gibson mai suna Seth Lover ne ya shawo kan wannan a 1955. Ya jera naɗi biyu gefe da gefe, kowane wajen 5,000, ya sa ɗaya ya saɓa wa ɗaya wajen zagayawa, ya kuma juya fuskar maganaɗisu a ƙarƙashin na biyun. Ƙugin lantarki ba ruwansa da maganaɗisu, waya kawai yake shiga, don haka abin da naɗin farko ya tsinto sai na biyu ya soke shi. Amon tsirkiya kuwa an juya shi sau biyu, sai ya komo daidai, ya haɗu ya ƙara ƙarfi. Aka sa masa suna hambaka, watau mai ture ƙugi, aka fara sa shi a jitoci a 1957. Na farkon suna ɗauke da 'yar takarda mai cewa an nemi rajistar dabara, wadda ba ta fito ba sai 1959, kuma da yake injin naɗin lokacin ba ya tsayawa da kansa, sai mai aiki ya tsai da shi, ba biyun da suka zo daidai. Wannan rashin daidaito shi ne masu kuɗi ke bi da tsada yau. Yawancin masu naɗin nan mata ne. A Fender akwai wata mai suna Abigail Ybarra da ta shiga aiki a 1956 ba ta huta ba sai 2013, har makaɗa kan nemi maɗaukin da ke da sa hannunta.

Na kwatanta wa dattijon yadda dandalin kiɗa yake a wajenmu, ga janareto yana ruri a bayan rumfa, ga wayoyi an ja su barkatai ba a binne ta ƙasa ba, ga dogayen ƙwayayen lantarki a kan kowane ginshiƙi. Ya yi dariya ya ce ai wannan gidan hambaka ne. Amma na ce masa da sauran magana, gama kiɗan hailaif da juju, da na Abzinawan Agadas, duk suna son murya siririya mai garau, irin ta naɗi ɗaya. Shawarar da ya bayar ita ce ɗayan biyu. Ko dai a sa hambaka tare da ɗan makunni mai kashe naɗi guda in wuri ya yi shiru, ko kuwa a sa masu naɗi ɗaya guda uku, na tsakiyar a naɗe shi a juye, yadda in an haɗa shi da maƙwabcinsa za su kashe ƙugi tare. Ko wanne aka zaɓa, a shafe ramukan da wayoyi ke ciki da fallen jan ƙarfe. Akwai kuma maɗaukai masu aiki da batir, irin na EMG, shiru gare su ƙwarai, sai dai ranar da batir ya mutu ana tsakiyar biki, ranar za a san amfanin na gargajiya.

Sauran ƙarafuna ba mu daɗe a kansu ba, ko da yake ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Jakin garaya guntun itace ne ko kara, na jitar lantarki kuwa ƙarfe ne, kuma wanda McCarty ya fito da shi a 1954, mai suna Tune-o-matic, kowace tsirkiya da nata ɗan sirdi da ake matsarwa gaba ko baya da sukuru, har sai amon mataki na 12 ya yi daidai da na sakakkiyar tsirkiya a sama. Masu son murya mai rawa sukan sa jaki mai hannu da sifirin. Na Bigsby, wanda McCarty ya sayi kamfaninsa a 1966 ya dawo da shi Kalamazu, lallausa ne. Na Floyd Rose yana ƙulle tsirkiya ta kai da ta gindi, kome aka yi masa ba ya sakin sauti, amma in tsirkiya guda ta tsinke duk sauran sun karkace, canza ta kuma sai da ɗan mabuɗi da haƙuri. Ga makaɗin da ke nesa da masu sayar da kayan gyara, ni dai ba zan ba shi shawarar wannan ba. Matashin da tsirkiyoyi ke hawa a bakin kai, mafi kyansa na ƙashin saniya ne, abin da ake zubarwa a kowace mayanka tamu. Dattijon ya ce yawancin masu kukan jita ba ta riƙe sauti suna zargin maɗaurai ne a banza, alhali ramin matashi ne ya matse tsirkiya. Ƙarafunan matakai na gargajiya, waɗanda ake kira azurfar nikel ko da yake ba ko ɗigon azurfa a ciki, sukan cinye da yawan kiɗa, na ƙarfe marar tsatsa kuwa sun fi ƙarko amma suna cin kayan aikin maƙeri. Rufin zinariya ado ne na ɗan lokaci, gumin hannu ke goge shi. Kan jita irin ta Gibson kuma a karkace yake baya da digiri 17, ga ramin noti ya rage masa ƙwari, in ta faɗi ta baya nan ne take karyewa.

Kada mai karatu ya ɗauka sai da duk waɗannan ake kiɗa. Brian May na ƙungiyar Queen shi da mahaifinsa suka ƙera tasa a gida a Ingila tun yana ɗan makaranta, wuyanta daga katakon wani tsohon murhu, sifirinta daga injin babur, da ita kuma ya yi duk sunan da ya yi. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, shi ma bahago, jitarsa ta fari guntun katako ce da wayar birkin keke, kafin ya kai ga zaga duniya da Stratocaster.

Da na tambayi dattijon abin da zai haɗa wa mai zuwa da ita Nijeriya, bai yi dogon tunani ba. Gangar jiki ta afara, don ba ta da nauyi kuma ba ta cikin jerin itatuwan da ake neman takarda a kansu. Wuya na mepul mai ɗaurin sukuru, yadda kowane kafinta mai hankali zai iya kwancewa. Jaki tsayayye ba sifirin, rufin kurom saboda tsatsa, hambaka biyu masu makunnin raba naɗi. Fenti kuma ba zai sa irin na da ba, wanda kan yi makonni kafin ya bushe ya kuma tsattsage in zafi da sanyi sun yi masa sauyi farat ɗaya, sai na zamani mai jure wahala. Ya ƙara da cewa in za a sa ta a jirgin sama a ɗan sassauta tsirkiyoyi, in an iso kuma a bar akwatin a rufe kwana guda kafin a buɗe. Da hunturu ya kama, a jiƙa ɗan soso a matse shi sosai, a sa a cikin gwangwani mai huji, a ajiye a akwatin kusa da wuya, a riƙa dubawa duk bayan kwana uku.